Gadin Zafin Giya a Hanyar Birmingham

Bana azumi ya faɗo mana cikin sanyi. Shida ba ta cika ba an sha ruwa. Yawancin ranaku ma a cikin bas nake buɗe baki, tsakanin kantin maganin da nake aiki da gidanmu a Perry Barr, da dabino uku a aljihun kwat, ruwan sama yana bin gilashi. Ba ƙishirwa, ba jiri. Ran nan wata amarya, matar wani ƙaramin likita da ba su daɗe da zuwa daga Kano ba, ta zo shan ruwa gidana. Tana juya cokali a kofin kunu ta ce, "Anti Rabi, ashe azumin Ingila wasa ne. Ni da aka yi ta tsorata ni."

Na dube ta kawai, na ƙara mata ƙosai. Baƙuwa ce, ba laifinta ba ne. Amma raina ya tafi wani azumi, shekara goma da 'yan kai baya, lokacin da watan ya faɗo tsakiyar bazarar ƙasar nan.

A lokacin muna Manchester, a Rusholme, cikin wani flat a hawa na uku, saman gidan abinci a kan Wilmslow Road. Uku na asuba ba ta yi ba alfijir ya keto, rana kuma ba ta faɗuwa sai goma saura. Gidajen nan don riƙe zafi aka gina su, tagoginmu kuwa ba sa buɗuwa fiye da tafin hannu. Na zaga kantuna huɗu neman fanka, duk an saye. Daga la'asar masu gidan abincin ƙasa za su hura wuta, hayaƙin gasasshen nama ya hau mana sama tare da ƙarar bas-bas, mu kuwa saura awa biyar a gabanmu. In na dawo aiki ƙarfe shida sai in kwanta a dandaryar ƙasa in ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya. Takwas in tashi in ɗora tukunya. Tsakanin asham da sahur ba a samun barcin kirki, ido kawai ake rufewa.

Mahaifiyata, Umma, ta zo daga Kano a wannan shekarar don a duba mata ido, azumi ya same ta a wurinmu. Tana da hawan jini da ciwon suga, amma tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi ba sai na dole irin na mata. Ni da na karanci magani, kullum sai mun yi da ita a kan lokacin shan ƙwayoyinta. Ƙarfe tara za ta tsaya bakin taga ta ɗaga kai, ta ga gari tarwai kamar hantsi, ta ce, "Wai ita wannan ranar ba ta da gidan komawa ne?"

A tsakiyar wannan watan mijina Nasiru ya sami sabon aiki a Birmingham. Injiniya ne na hanyar jirgin ƙasa. Ran Litinin zai fara. Hayarmu ta Rusholme ran Juma'a take ƙarewa, kuma a wannan Juma'ar ne za mu karɓi makullin sabon gida a wani ɗan ofishin ejan, dillalin gidajen haya, da ke rufewa ƙarfe biyar, ba ya sake buɗewa sai Litinin. Muna da wata 'yar ƙaramar mota da aka saya don in koyi tuƙi. Ban ci jarrabawa ba tukuna, ba ni da ikon hawa babbar hanya. Direba ɗaya, mutum uku, kaya, ga mota. Nasiru ya zauna da takarda da biro, ya ce ya samo dabarar da za a yi komai a tafiya ɗaya.

Dabarar ita ce Baba Isifu, maƙwabcinmu, dattijo ɗan zangon Kumasi wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Yana da tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda Turawa ke kira motorhome, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki. Da ita suke yawon bakin teku shi da matarsa kafin ta rasu. Ko ɗan cikinsa ba ya ba aro. Mu ya ce zai ba mu, don Umma tana aika masa kunun tsamiya kullum. Za mu ɗaura ƙaramar motar a bayanta da wani ƙarfe mai ƙafa biyu, mu ja ta har Birmingham.

Ran Juma'a da safe ya zo da kansa ya ɗaura. Aikin da aka ce minti ashirin ne ya ci awa biyu, don fitilun baya sun ƙi kamawa. Da ya gama ya goge hannu, bai kira Nasiru ba, ni ya kira. Hausarsa ta Kumasi ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinsa.

"Ɗiyana, zo ka zauna nan gaba." Ya nuna mini wani ɗan agogo da ya manna kusa da sitiyari, mai nuna jajayen lambobi. "Wannan zafin man giya ne. Motan nan da kansa yake canza giya, in yana jan kaya sai man ya yi zafi. Tamanin, casa'in, ba komai. In ya kai ɗari, ku rage gudu, ku kashe esi. In ya kai ɗari da goma, ku nemi wuri ku tsaya. Amma kar ku kashe inji, ku bar shi yana aiki a tsaye, man ya riƙa zagayawa yana hucewa. In ya kai ɗari da ashirin, kun dafa mini giya, ba gyara."

Umma da ke zaune a kujerar baya ta ɗago. "Giya kuma? A watan azumi?"

"Ta mota, Umma," na ce.

"To ku canza mata suna."

Baba Isifu ya rage murya. "Mijinka injiniya ne, ba zai ji magana na ba. Kai na ba amana. Sannan ƙaramin motan, kar a sa ko cokali a ciki. Nauyin da ke nan ya isa."

Sauran kayanmu masu nauyi an jibge su a ƙarƙashin matakala, da yamma za a kwashe su zuwa garejin Baba Isifu, sai wani lokaci mu dawo mu ɗauka. Ya tafi. Nasiru ya hau sama da mai gidan don a duba flat ɗin a miƙa makulli. Ni da Umma muka tsaya muna kallon tarin kayan: buhun shinkafa biyu, geron da Umma ta sha wahalar nema, jarkar man gyaɗa, turmi da taɓarya, manyan tukwanena, kwalaye uku na tangaran ɗin aurena, da littattafan karatuna.

"Yanzu da me za mu yi kunu a can?" in ji Umma.

Na waiwaya. But ɗin ƙaramar motar na buɗe. Mu biyu, da azumi a bakinmu, muka kwashe komai cikin minti goma sha biyar, muka cika but da ƙasan kujerun baya, muka lulluɓe da bargo. Nasiru ya fito ta ƙofar gaba yana duba agogon hannunsa, ko waiwaye bai yi ba. Mun yi niyyar tashi ƙarfe goma mu sami Juma'a a Birmingham. Sha biyu da rabi muka bar Rusholme.

Tun kafin mu fita gari agogon ya kai tamanin da takwas. Da muka hau babbar hanyar M6 ya sauka kaɗan, na saki ajiyar zuciya. Rana ta tsaya a tsakar ka, kwalta tana ƙyalli. Esi ɗin tsohuwar motar ba wani abin kirki yake yi ba, amma yana yi. Nasiru ya fara taka totur.

"Casa'in da biyar," na ce.

"Na ji."

"Casa'in da takwas."

"Rabi, ba sai kin riƙa karanto mini kamar mai kiran lamba a asibiti ba."

"Ɗari. Rage gudu, kashe esi."

"It's just a sensor. Ɗan abin da ya sayo ya manna da kansa. Kin san inda ya sa shi? In kusa da bututun hayaƙi ne, zafin hayaƙi yake auna mana."

"Ni ban sani ba, Injiniya. Abin da na sani an ce ɗari, ga ɗari."

Na miƙa hannu na kashe esi ɗin da kaina. Muka sauke gilasai. Iskar da ta shigo kamar daga bakin murhu, ga ƙarar tireloli suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Ya rage gudu yana huci. Lambar ta tsaya a ɗari da biyu, ta yi ta rawa, sannan muka fara hawa wata doguwar gangara, ta tafi ɗari da bakwai. Allah ya taimaka akwai wurin hutawar matafiya a gaba kaɗan. Sai da na ɗaga murya kafin ya shiga.

Yana tsayawa ya kai hannu zai murɗa makulli. Na riƙe masa hannu.

"Cewa aka yi kar a kashe."

"Abu ya yi zafi, ki bar shi yana aiki? Wace makarantar ce ta koyar da wannan?"

"Makarantar mai motar."

Muka zauna a tsakanin tireloli, inji yana gurnani, muna kallon lamba. Ɗari da biyar. Ɗari da huɗu. A gabanmu wasu Turawa sun baje a kan ciyawa, tsirara rabi da rabi, suna lasar askirim. Harshena ya manne da dasashi. Minti talatin da biyar kafin ta sauko casa'in. Na waiwaya na tambayi Umma jikinta, ta ɗaga mini carbi, alamar in bar ta.

Biyu ta wuce muka sake hawa hanya. Nasiru ya yi lissafi da baki ya ce da sauran lokaci, in dai ba a sake tsayawa ba. Ya faɗi haka yana kallona. Ba mu yi nisa ba, wajen Stoke, muka faɗa cunkoso. Ana gyaran hanya, an matse layuka, ga Juma'a, kowa ya fito. A taka a tsaya, a taka a tsaya, kuma a kan hawa. Nan na gane abin da giyar ta fi ƙi ke nan: babu iskar gudu da za ta huce ta, kuma duk tashi ɗaya sai ta jawo nauyin mota biyu daga tsaye. Ɗari da uku. Ɗari da shida. Babu wurin tsayawa, an toshe gefen hanya da shingen masu aiki.

Na kira Baba Isifu a waya na sa a lasifika.

"Nawa?" ya ce, ko sallama babu.

"Ɗari da takwas, Baba, kuma muna cikin go-slow."

Sai ya ce, "Ka ce ma mijinka ya sa shi a giya na ƙasa da hannu, kar ya bar shi yana ta canzawa. In kun tsaya cak, ya fitar da shi daga giya. Sannan ku kunna hita."

"Mu kunna me?"

"Hita. Har ƙarshe. Zai jawo zafin inji ya kawo muku ciki, lagireto ya sami sauƙi ya huce ma giya."

Nasiru ya yi wata dariya marar daɗi. "Baba, azumi muke yi fa."

"Ni ma azumi nake yi. Ku kunna."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a karon farko a ranar, Nasiru ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam gaskiya ne, haka abin yake aiki." Duk maganar da aka yi masa tun safe bai yarda da ko ɗaya ba sai wadda za ta gasa mu.

Na murɗa. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma a Kano aka haife ni. Iska mai zafi ta bugo ƙafafuna ta hau cikin zanina. Gumi ya bi bayana har kujera ta jiƙe, daga baya ma gumin ya daina fita. Leɓɓana suka tsage. Idona yana kan jajayen lambobin nan har na fara ganinsu ko na rufe ido. Ɗari da tara. Ɗari da goma. Ɗari da goma sha ɗaya. Na tuna fuskar Baba Isifu da hoton matarsa da ya liƙa a saman madubi. Wata Baturiya a motar da ke gefenmu tana shan ruwa a gora, ina jin kamar in miƙa hannu in fizge.

"Mafita ta gaba ka sauka," na ce.

"In muka sauka mun rasa makulli."

"In ba mu sauka ba mun rasa motar mutane da makullin gaba ɗaya."

"Kin san inda za mu kwana? Da Umma?"

"Sauka, Nasiru."

Ba na kiran sunansa a gaban Umma. Ya dube ni, ya kunna sigina.

Kusan rabin awa ta ɗauke mu kafin mu kai mafitar. Muka sami wani fili a bayan wasu ɗakunan ajiyar kaya, da 'yar inuwar bishiya ɗaya. Lambar tana ɗari da goma sha huɗu. Ya tsaya, bai taɓa makulli ba. Ya fita yana zagaya motocin, ni kuma na kwance bel na juya baya.

Carbin Umma yana ƙasa. Hannunta yana rawa a kan teburin, goshinta ya jiƙe da wani gumi mai sanyi. Na ce, "Umma?" Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina firamare.

Na zazzage jakata na ciro abin gwajin suga na soki yatsarta. Ya sauka ƙasa da huɗu, ƙasa sosai. Na buɗe ɗan firjin motar na ɗauko lemon kwali da muka ajiye don shan ruwa, na kai bakinta. Ta damƙe leɓe ta kau da kai. Hankalinta bai gushe har ya manta azumi ba.

"Umma, matafiya ne mu. Ga rashin lafiya. Allah ya yafe miki ta hanya biyu."

"Saura nawa a sha ruwa?"

"Awa biyar da rabi."

"Zan kai."

"Ba za ki kai ba! In kika suma a nan, motar asibiti zan kira, su sa miki ruwa ta jijiya, azumin ya tafi duk da haka."

"Ku yara kuna riƙe da naku, ni ce zan ajiye? Ki bar ni, Rabi."

Ina cikin wannan Nasiru ya leƙo ta ƙofar gefe, fuskarsa a murtuke. Ya lura ƙaramar motar ta zauna a kan tayoyin baya, ya ɗaga bargon, ya ga komai. Taɓarya ce ma a hannunsa, ya shigo da ita a matsayin shaida. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Umma.

Shekara huɗu da aurenmu a lokacin, Nasiru bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban Umma ba. Tunda ta zo, a kicin yake shan ruwa a tsaye, ita tana falo. In za su yi magana, shi yana kallon ƙasa, ita tana kallon bango. Ko sunansa ba ta faɗa, Malam take ce masa.

Ya jingine taɓaryar. Ya shigo ya durƙusa a ɗan lungun da ke tsakanin teburi da kicin, da ƙyar ma ya sami wurin gwiwoyinsa. Ya karɓi kwalin daga hannuna, ya ɗauko kofi biyu ya zuba.

"Umma, ni ne direba, kuma jiri nake ji. In na ci gaba a haka zan iya hallaka ku a hanya. Ni zan karya. Amma ba zan iya sha ke kina zaune ba ki sha ba. Ki taimake ni."

Ya yi bisimilla, ya ɗaga kofin a gabanta, ya shanye. Har ƙarar haɗiyarsa muna ji. Kunnuwansa kamar su faɗi don kunya.

Umma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu, na tallafa mata kofin, ta sha. Na ƙara mata, na ba ta dabino da biskit. Bayan kwata na sake gwadawa, ya fara hawa. Ta dube ni ta ce, "Rabi, ɗankwalinki ya zame," na san ta dawo.

Sai a lokacin Nasiru ya tashi, ya nuna mini ƙofa da ido. A waje, a bayan ƙaramar motar, ya ce, "Tun safe kike karanto mini lamba kamar ni na hura wutar. Ashe turmi nake ja."

"Da ka saurari mai motar tun farko..."

"Ke kin saurare shi?"

Haushi ya ƙara kama ni. Na ce a kwance ƙaramar motar a bar ta a nan mu wuce. Ya nuna mini agogo, huɗu da kwata, ga sauran tafiya mai yawa cikin cunkoson Juma'a. Ya kira ejan yana roƙo da Turancinsa na ofis. Matar ta ba shi haƙuri da murya mai daɗi, ta ce sai Litinin ƙarfe tara.

Ni na kira Baba Isifu na faɗa masa gaskiya. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Rana ya yi zafi, go-slow ya yi yawa, kai kuma ka ƙara masa. Amma ka tsayar da shi kafin ya ƙone. Ku zauna nan har hanya ya buɗe, gari ya yi sanyi." Ya ce yana da ƙanwa a Handsworth, Hajiya Memuna, mijinta yana da garejin gyaran mota da fili a baya, zai kira ta.

Muka zauna a wannan filin har bakwai. Suka ce in karya ni ma, na ƙi. Ba don na fi su imani ba. Haushi ne kawai ya riƙe ni, na kaina da na kowa. Da muka tashi hanya ta buɗe, inuwa ta miƙe. Nasiru yana tafiya a hankali a layin tireloli, kuma yanzu shi ke tambaya.

"Nawa?"

"Casa'in da biyu."

"Yanzu fa?"

"Ka kalli hanya, Injiniya, in ta motsa zan faɗa maka."

Ba ta ƙara wuce casa'in da bakwai ba. Muka shiga Handsworth tara ta gota, gari da sauran haske, muna ratsa 'yan siraran titunan nan da motoci a jere hagu da dama, mutane a bakin ƙofofinsu suna kallon wannan doguwar abar. Hajiya Memuna tana jiranmu a bakin garejin da kwanuka a cikin kwando: koko mai yaji, ƙosai, shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji. Gidanta cike yake da 'ya'ya da jikoki, babu wurin baƙo uku. Na zauna a matakalar motar da kofin ruwa a hannu ina jiran lokaci. Da ya yi, kurɓar farko sai da ta yi mini zafi a maƙogwaro.

Kwana uku muka yi a wannan filin, tsakanin matattun motoci. Ran Asabar zafin ya karye da tsawa, aka yi ta ruwa har Lahadi, rufin motar yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa, wani lungu yana ɗiga a kan kwalayen kayan sawa. Alwala a ɗan kwamin wanke hannu da bai fi kwanon sha ba. Salla ɗaya bayan ɗaya, don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu. Nasiru ya ƙi kwana ɗaki ɗaya da surukarsa, sai ya koma kujerar gaba ta ƙaramar motar, da buhun shinkafa a bayan ƙeyarsa. Umma kuwa ta sa aka sauko da turmin, ita da Hajiya Memuna suka daka gero a ƙarƙashin rumfar garejin suna hira kamar tare suka tashi. Na tilasta mata hutun kwana biyu daga azumi, na kuma sauya mata lokacin magani bayan na yi magana da likita. Ran Litinin ni na karɓo makulli, shi ya tafi sabon aikinsa da rigar da na goge masa a kan teburin motar.

Asabar ta gaba muka mayar wa Baba Isifu motarsa, ba ja, ba kaya. Bai gaishe mu ba sai da ya buɗe gaba, ya zaro sandar gwajin man giya, ya shafa a farin ƙyalle, ya duba launi, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Bai ƙone ba," ya juya ya tambayi lafiyar Umma.

Umma ta koma Kano bayan salla. Da sanyi ya shigo, lokacin da rana ke faɗuwa kafin huɗu, Nasiru ya rama ranarsa. Ya yi sahur ƙarfe shida, ya sha ruwa tun yana ofis, ya dawo yana fara'a. Da muka kira gida na faɗa wa Umma, da nufin ta ji daɗi. Ta tambayi ƙarfe nawa ya ɗauka, ƙarfe nawa ya sauke. Na faɗa mata. Sai ta ce:

"Ki ce wa Malam, na san malamai za su ce ya isar. Amma ni na ga ranar da ya ajiye saboda ni. Ba irin wannan ba ce."

Yana jin ta a lasifika, kansa a ƙasa kamar tana gabansa. Sai da bazara ta zagayo, ana saura mako ɗaya sabon azumi, ranaku sun sake miƙewa har kusan goma, ya ce in tashe shi sahur. Na ce wane azumi kuma, ba ka rama ba? Ya ce wancan nasa ne, wannan na Umma ne.

Na tashi na dafa, ina mita tun daga ɗora tukunya har saukewa. Da ya sha ruwa a daren nan ya kira ta da kansa, karo na farko ba ta hannuna ba. Ban ji abin da ta ce masa ba. Na dai ji shi yana ta cewa "Amin, Umma, amin," har kunun da na zuba masa ya huce.